Gadoji Masu Rufi na Karkarar Indiyana da Yanayin Bazara: Tambayoyi da Amsoshi

Waɗannan tambayoyi ne da ke yawan fitowa daga bakin ɗalibai da ma'aikata da iyalai mazauna Amurka, da kuma masu zuwa ziyara, waɗanda suka ji labarin tsofaffin gadojin katako masu rufi suke son ganinsu a watannin zafi. An fi mayar da hankali kan gundumar Parke da ke yammacin jihar Indiyana, domin da wuya a sami inda irin waɗannan gadoji suka taru wuri guda kamar can.

Mece ce gada mai rufi?

Gada ce ta katako wadda aka yi wa bango a gefe biyu aka kuma ɗora mata rufi, har mai hangenta daga nesa zai ɗauka wani dogon sito ne aka shimfiɗa a kan rafi. Bakinta biyu a buɗe suke, ƙasanta falanki ne mai kauri, yawancinsu kuma mota ɗaya ce ke iya bi a lokaci guda. A gundumar Parke galibi jan fenti ake yi musu da farin baki, a saman ƙofar kuma a rubuta sunan gadar, shekarar da aka gina ta da sunan maginin.

Ta farko da aka sani a Amurka ita ce wadda Timothy Palmer ya gina a kan kogin Schuylkill a birnin Filadelfiya, aka kammala ta a 1805. Daga nan salon ya bazu, aka gina sama da dubu goma a faɗin ƙasar cikin ƙarni na 19. Waɗanda suka rage a yau ba su kai dubu ɗaya ba.

Me ya sa aka yi wa gada rufi, alhali ba kwana ake yi a cikinta ba?

Saboda katakon ne. Ruwan sama da dusar ƙanƙara suna shiga mahaɗar katakai su kwanta, rana ta fito ta busar da su har su tsage, ruwa ya sake shiga tsagar, daga nan sai ruɓa. Gadar katako da aka bari a fili ba ta cika wuce shekara goma zuwa ashirin ba, amma wadda aka rufe tana iya haura shekara ɗari, kuma akwai masu shekara sama da 160 da har yanzu suke tsaye. Sauya kwanon rufi ko allon bango aiki ne mai araha, sauya manyan katakan da ke ɗauke da nauyin gadar kuwa daidai yake da sake gina ta. Duk wanda ya taɓa zama a gidan ƙasa ya san wannan lissafi, domin maigida ba ya jiran bango ya zube kafin ya gyara indararo ya yi yaɓe gabanin damina.

Za ka ji wasu dalilai a bakin mutanen yankin, kamar cewa rufin yana hana dawakai firgita idan suka hango ruwa a ƙasa, ko yana ba matafiyi wurin fakewa. Waɗannan amfani ne da suka biyo baya. Kwamishinonin gunduma da suka biya kuɗin ginin, tsawon ran gadar ne a gabansu.

Me ya bambanta gundumar Parke da sauran wurare?

Gadoji 31 masu rufi ne a cikinta, shi ya sa take kiran kanta hedikwatar gadoji masu rufi ta duniya, kuma a da sun haura hamsin. Ƙasar yankin a tsattsage take da rafuka masu gangarawa zuwa kogin Wabash, manya daga cikinsu su ne Sugar Creek da Big Raccoon Creek, don haka manomi ba ya kai hatsinsa wurin niƙa sai ya tsallake ruwa. Ga dazuzzuka masu dogayen itatuwa a kusa, ga duwatsun gina ginshiƙai a bakin rafukan kansu.

Babban abin da ya taimaki gundumar shi ne maginanta. Joseph J. Daniels da Joseph A. Britton dukansu mazauna yankin Rockville ne, hedikwatar gundumar, kuma mafi yawan gadojin da suka rage aikin hannunsu ne. Daga Indiyanafolis zuwa Rockville tafiyar kimanin kilomita 95 ce zuwa yamma, wato sa'a ɗaya da 'yan mintoci a mota.

Yaya yanayin bazara yake a wannan yanki?

Abin da suke kira bazara yana kamawa daga Yuni zuwa Agusta, kuma ga wanda ya fito daga ƙasar Hausa zai fi kama da bazara da damina a haɗe, domin zafi da ruwan sama tare suke zuwa. A watan Yuli, wanda shi ne mafi zafi, ma'auni yakan kai digiri 29 zuwa 30 da rana, ya sauko wajen 18 zuwa 19 da dare, a wasu ranakun kuma ya haura 33. A lura cewa hasashen yanayi a Amurka da ma'aunin Faranhait ake bayar da shi: idan ka ga 86 to digiri 30 ke nan a namu lissafin, 95 kuma 35.

Rana tana da tsawo sosai. A ƙarshen Yuni takan fito wajen ƙarfe shida da minti ashirin na safe, ba ta faɗuwa sai bayan tara na dare, kusan sa'a 15 na haske ke nan. Safiya takan zo da raɓa da ɗan hazo a kan rafuka, gizagizai su fara taruwa bayan azahar, idan kuma hadari zai haɗu to galibi daga la'asar ne zuwa dare.

Wanda ya saba da zafin Sakkwato ko Maiduguri, digiri 30 zai dame shi?

Yana iya damunsa, kuma da yawa daga cikinmu a nan muke yin sakaci. Zafin watan Afrilu a gida busasshe ne, gumi na fitowa iska na shanye shi, jiki ya ɗan huce. A Indiyana iskar da ke tasowa daga Tekun Meziko ɗauke take da danshi, sai gumin ya tsaya a fata, riga ta manne a baya, mutum ya ji nauyi a ƙirji ko da yana inuwa. Gonakin masara da na waken soya da suka kewaye hanyoyin suna ƙara abin, domin lokacin da masara ta fara goyo a Yuli da Agusta ganyenta yana fitar da ruwa mai yawa cikin iska. Saboda haka hukumar hasashen yanayi take bayar da adadi na biyu, wato zafin da jiki ke ji idan an haɗa da danshi, kuma shi ya kamata a duba kafin a fita.

A ɗauki ruwan sha fiye da yadda ake zaton za a buƙata, domin tsakanin gada da gada ana iya yin tafiya mai nisa ba a ga shago ba. Tsofaffi da yara ƙanana su ne abin lura, kuma ko na minti biyar kada a bar yaro a mota a rufe. Jiri, ciwon kai da tashin zuciya alamu ne na a nemi sanyi nan take.

Wanne ya fi, zuwa da bazara ko jiran bikin watan Oktoba?

Bikin gadoji masu rufi na gundumar Parke ya samo asali tun 1957, yana farawa ranar Juma'a ta biyu a Oktoba, ana yinsa kwana goma. A lokacin ganyen itatuwa ya rine ja da rawaya, zafi ya tafi, garuruwa irin su Rockville, Bridgeton da Mansfield sun cika da rumfunan 'yan kasuwa. Mai son kasuwa da taro da hoto mai launi, wannan ne lokacinsa, sai dai ya shirya wa cunkoson motoci ya kuma kama masauki tun da wuri.

A ganina wanda gadojin kansu suka kawo shi ya fi cin riba da bazara. Ranar aiki da safe kana iya tsayawa rabin sa'a a cikin gada ba wanda ya wuce, ka ji ƙarar ruwa a ƙarƙashin falanki, ka bi katakai ɗaya bayan ɗaya da ido. Farashin wannan natsuwa shi ne zafi da hadari, waɗanda aka yi bayaninsu a amsoshin da ke kan yanayi.

Idan rana ɗaya kawai nake da ita, da waɗanne zan fara?

A fara da ofishin baƙi da ke tsohuwar tashar jirgin ƙasa a Rockville a karɓi taswira ta takarda, domin sabis ɗin waya yana ɗaukewa a cikin kwaruruka. An raba gadojin bisa hanyoyi masu alamar launi, kowace hanya tana zagayawa ta dawo gari. Ba a iya ganin duka 31 a yini guda, kuma wanda ya gwada ba abin da zai tuna sai kujerar mota.

Da safe, kafin rana ta yi ƙarfi, a nufi kudu zuwa Bridgeton da Mansfield, inda kowace gada take kusa da tsohon gidan niƙa mai aiki da ƙarfin ruwa a bakin Big Raccoon Creek. Gadar Mansfield Daniels ne ya gina ta a 1867. Idan rana ta take, a koma arewa zuwa gandun Turkey Run, wanda jihar ta keɓe tun 1916, inda gadar Narrows ta Britton, ginin 1882, take a kan Sugar Creek. Kwazazzaban dutse na gandun suna da sanyi ko da tsakar rana. Da yamma a bi rafin zuwa gadar Jackson ta 1861, fara ce, tsawonta kimanin mita 63 ba ginshiƙi ko ɗaya a tsakiya, sannan a ƙare da West Union ta 1876, wadda ta fi kowace tsawo a gundumar da kimanin mita 96, aka kuma sanya ta cikin manyan wuraren tarihi na ƙasa a 2016.

Idan na shiga ciki, me ya kamata in duba?

A tsaya tukuna ido ya saba da duhun. Abin da za a fara ji shi ne sauƙin zafi da ƙanshin tsohon katako, sai haske da ke shigowa siri-siri ta tsakanin allunan bango yana faɗawa kan ƙura. A sama, tsakanin katakan rufi, sau da yawa akwai sheƙar tsuntsaye ta laka. Falankin ƙasa ya yi santsi a layi biyu inda tayoyi suka saba bi, idan mota ta shigo kuma kowane allo sai ya amsa.

Sannan a dubi gefe. Za a ga katakai a tsaye da wasu a karkace suna haɗa siffar alwatika a jere, a jikinsu kuma an manna wani ƙaton baka na katako wanda ya taso daga ginshiƙin dutse na wannan gaɓa ya lanƙwasa ya sauka a na waccan. Wannan shi ne tsarin Theodore Burr, wanda ya yi wa rajistar mallaka a 1817, kuma kusan duk gadojin Parke da shi aka gina su. Bakan yana tura nauyi zuwa gaɓoɓin biyu, kamar yadda bakan gizo ke ɗauke da rufin soro a ginin gargajiya na Hausa, alwatikan kuma suna hana bakan murɗewa idan kaya mai nauyi ya tsaya a gefe guda. A wasu jihohin za a ga tsarin Ithiel Town na 1820, wanda allunansa suke gicciye kamar saƙar asabari, ana haɗa su da turakun itace, ko na William Howe na 1840, wanda ya shigo da sandunan ƙarfe da ake ɗaurewa da noti idan katako ya saki.

Tagogin da ke jikin wasu gadojin, da yawansu daga baya aka fasa su, bayan zuwan mota, don direba ya ga abin da ke tahowa idan hanya ta yi kwana a bakin gada.

Ana bi ta cikinsu da mota har yanzu?

Wasu ana bi, wasu kuma an gina gadar kankare a gefensu an bar su ga masu tafiya a ƙasa. Inda aka yarda a bi akwai allo mai nuna iyakar nauyi da tsayi, kuma wajibi ne a kiyaye shi, domin manyan motoci da na'urar nuna hanya ta ɓatar suna cikin abubuwan da ke yawan fasa bakin irin waɗannan gadoji a Amurka. A rage gudu, a kunna fitila, a tabbata babu mai tahowa kafin a shiga.

A saman ƙofar gadojin Parke akwai rubutu mai cewa a tsallake wannan gada da tafiyar ƙafa, wato kada a saki linzami. Tun zamanin dawakai ne, lokacin da ake tsoron takun sukuwa a jere ya girgiza mahaɗan katako. Mai son ɗaukar hoto ya ajiye mota nesa da bakin gada, ya kuma tuna cewa gonakin da ke gefe na mutane ne, ba a shiga sai da izini.

Idan hadari ya taso ina hanya, zan iya fakewa a cikin gadar?

Daga yayyafi kawai take karewa. Idan akwai tsawa, mota mai rufin ƙarfe da gilasai a rufe ta fi ta aminci, domin gini mai buɗaɗɗen baki wanda ba waya ko bututu a jikinsa ba ya kare mutum daga aradu. Ƙa'idar da hukumar hasashen yanayi ke bayarwa ita ce a jira minti 30 bayan rugugin ƙarshe kafin a sake fita.

Guguwa mai juyawa ita ce mafi hatsari, ta fi yawa daga Afrilu zuwa Yuni, amma tana iya zuwa a kowane wata. Akwai kalmomi biyu na Turanci da za su fito a wayarka waɗanda dole a bambanta: watch yana nufin yanayi ya dace da aukuwarta, a zauna cikin shiri, warning kuma yana nufin an gan ta ko na'ura ta hango ta, a nemi mafaka yanzu. Mafakar ita ce gini mai ƙarfi, a ɗakin ƙarƙashin ƙasa ko ɗakin tsakiya marar taga. Gadar katako tana cikin wuraren da bai kamata a tsaya ba, amsar da ke biye ta nuna dalili.

Bayan ruwa mai ƙarfi rafukan suna cika cikin 'yan sa'o'i, ƙananan hanyoyin tsakuwa da ke kwari su nutse. Ruwa mai gudu da zurfin santimita 15 yana kayar da babban mutum, santimita 30 kuma yana iya tafiya da ƙaramar mota. Idan ruwa ya rufe hanya a juya.

Shin guguwa ko ambaliya sun taɓa cinye irin waɗannan gadoji?

Sau da dama. Ranar 3 ga Yuni, 2008, guguwa ta ɗaga gadar garin Moscow da ke gundumar Rush a Indiyana, ginin 1886, ta watsa ta cikin kogi. Mutanen yankin suka tsamo abin da za a iya tsamowa na katakai, aka sake gina ta aka buɗe a 2010. Bango da rufin da ke kare gada daga ruwan sama su ne ke tare iska kamar tanti, shi ya sa iska mai ƙarfi take samun abin kamawa.

A ƙarshen Agustan 2011, ruwan da mahaukaciyar guguwar Irene ta zubar ya tafi da gadar Bartonsville ta 1870 a jihar Vermont, da gadar Blenheim ta 1855 a jihar New York, wadda tsawonta tsakanin gaɓa da gaɓa ya kai mita 64. Ambaliya takan ci ƙasar da ke ƙarƙashin ginshiƙan dutse, ko ta tara gungumen itatuwa a jikin gada har su ture ta, idan kuma ruwa ya kai falanki to katako yana iya tasowa kamar kwalekwale. An sake gina gadojin Bartonsville da Blenheim duka biyun.

An ce gadar Bridgeton sabuwa ce. To ina tarihin?

Gaskiya ne. Ta asali Daniels ya gina ta a 1868, wani ya cinna mata wuta da gangan a Afrilun 2005 ta ƙone ƙurmus. Mutanen gari da masu sa-kai suka tara kuɗi da katako, aka tayar da wata a kan kamanninta a 2006. Shekara uku kafin wannan gobara gundumar ta rasa gadar Jeffries Ford ta wannan hanya. Busasshen katako mai shekara ɗari a wurin da ba kowa da dare ba ya ɗaukar lokaci, don haka ake shafa wa wasu gadojin sinadarin rage kamun wuta, a sa musu fitilu da kyamarori.

Masana suna bambanta gadar asali da wadda aka sake ginawa, kuma suna da hujja. Duk da haka wanda ya tsaya a ƙasan madatsar ruwa ta Bridgeton ya ga jar gada a sama da gidan niƙa a gefe, zai fahimci abin da ya hana mutanen garin haƙura da toka. Mai son taɓa katakon da aka sassaƙa da hannu a ƙarni na 19 sai ya je Mansfield, tafiyar 'yan mintoci ce.

Akwai ƙwari ko ciyayi masu cutarwa a bakin rafukan?

Akwai sauro da yamma, akwai kuma kaska a cikin doguwar ciyawa, wadda wasu nau'o'inta ke ɗauke da cutar Lyme. A sa dogon wando da takalmi rufaffe, a duba jiki da na yara bayan an dawo. Akwai wata ciyawa mai yaɗo, ganyenta uku-uku, wadda taɓa ta ke kawo ƙaiƙayi da ƙuraje na kwanaki, kuma tana son gefen hanya da gindin ginshiƙai, daidai inda mai hoto ke son tsayawa. Ladan wanda ya jure har magariba a Yuni da farkon Yuli shi ne ƙananan ƙwari masu walƙiya da ke tashi daga ciyawa dubbai, har gefen gona ya riƙa ƙyalli.

Yaya batun sallah da abinci ga matafiyi Musulmi?

Tsawon ranar da aka ambata a amsar yanayi yana sauya lokuta: magariba bayan tara, isha wajen sha ɗaya, asuba kuma kafin biyar. Masallatai suna Indiyanafolis da Plainfield da Terre Haute, don haka a tafi da darduma da buta. Abincin da jihar ta yi suna da shi soyayyen naman alade ne a cikin burodi, a riƙa tambaya kafin a saya, ko a tafi da guzuri. A bakin hanya ana samun masara ɗanya, tumatir da kankana daga gona.

Wasu daga cikin masu wannan kaya 'yan Amish ne, al'umma ta Kirista masu tafiya da keken doki, waɗanda suka fara zama a gundumar a shekarun 1990. Ba sa son a ɗauki hoton fuskarsu, ba sa ciniki ranar Lahadi, kuma idan aka cim ma kekensu a hanya sai a rage gudu, kada a yi hon kusa da doki.

In ban da Indiyana, ina kuma ake samunsu?

Jihar Pensilbaniya ce ta fi kowace yawa da kimanin 200, sai Ohayo, Vermont kuma tana da kimanin 100 duk da ƙanƙantarta. Gadar Cornish-Windsor ta 1866 tana haɗa Vermont da New Hampshire a kan kogin Connecticut, tsawonta kusan mita 137. Mafi tsawo a duniya tana Hartland a lardin New Brunswick na Kanada, mita 391. Turai ta riga Amurka, domin gadar Kapellbrücke ta birnin Lucerne a Suwizalan tun ƙarni na 14 take, ita ma gobara ta ci mafi yawanta a 1993 aka sake gina ta. A kudancin ƙasar Sin al'ummar Dong suna gina nasu da hasumiyoyi a kai, sunan da ake kiransu da shi kuwa shi ne gadojin iska da ruwan sama.

Wa ke kula da su, kuma me baƙo zai iya yi?

Mafi yawansu mallakar gundumomi ne, kuma gundumar karkara mai mutane ƙalilan ba ta da kuɗin gyaran gada talatin. Wata dokar sufuri ta tarayya ta 1998 ta kafa shiri na musamman wanda ya biya kuɗin gyaran gadoji da dama, ƙungiyoyin sa-kai kuma suna tara gudummawa suna yin fenti da sharar ciyawa. Aikin da ya fi muhimmanci shi ne mafi sauƙi: toshe yoyon rufi, mayar da allon da iska ta cire, da kwashe laka da ganye daga inda ƙarshen baka ya zauna a kan dutse, domin a nan ruɓa ta fi farawa.

Baƙo kada ya sha taba a ciki, kada ya sassaƙa sunansa a jikin katako ko da ya ga na wasu. Idan ya lura da kwano ya ɗaga ko allo ya faɗi bayan hadarin daren jiya, ya sanar da ofishin baƙi a Rockville, ya faɗi sunan gadar kamar yadda yake a rubuce a saman ƙofarta.